Sati (al'adar ƙona matar mamaci)

Sati wata tsohuwar al'ada ce da aka sani a tsakanin wasu rukunonin mabiya addinin Hindu a Indiya da Nefal da tsibirin Bali, inda matar da mijinta ya mutu take shiga wutar da ake ƙona gawarsa ta mutu tare da shi. Wani lokaci matar kan amsa da bakinta cewa ta yarda, wani lokaci kuma tilasta ta ake yi. Al'adar ba ta taɓa game dukan Hindu ba, domin ta fi ƙarfi ne a gidajen sarauta da na mayaƙa, da kuma wasu gidajen malaman addini a yankin Bengal. Gwamnatin mulkin mallaka ta Birtaniya ta haramta ta a shekarar 1829, sannan Indiya mai 'yancin kanta ta kafa doka mafi tsanani a kanta a shekarar 1987.

Asalin kalmar

Kalmar "sati" daga harshen Sanskrit take, kuma ma'anarta ita ce mace tagari mai riƙon amanar mijinta. Tun asali sunan matar ne, ba sunan aikin ba. Turawan Ingila ne suka faɗaɗa ma'anar kalmar har ta koma nufin ƙonawar kanta. A littattafan Hindu ana kiran aikin "sahagamana", wato tafiya tare, ko "sahamarana", wato mutuwa tare. Idan mijin ya mutu a nesa aka ƙona gawarsa a can, daga baya matar ta shiga wuta riƙe da wani abu nasa kamar rawani ko takalmi, ana kiran wannan "anumarana".

A tatsuniyoyin addinin Hindu akwai wata allahiya mai suna Sati, 'yar Daksha kuma matar Shiva, wadda aka ce ta ƙona kanta saboda wulaƙancin da mahaifinta ya yi wa mijinta. Ana yawan danganta al'adar da ita, amma ita wannan allahiya mijinta yana raye lokacin da ta mutu.

Yadda ake gudanar da ita

Yawancin Hindu ƙona gawa suke yi maimakon binnewa, galibi a bakin kogi. Idan matar mamaci za ta bi shi, takan yi wanka ta sa kayan amarci, a raka ta da kaɗe-kaɗe zuwa wurin ƙonawa. Takan raba kayan adonta ga dangi, ta kewaya tarin itacen, sannan ta hau ta zauna ko ta kwanta kusa da gawar. Babban ɗa ko wani namiji na kusa shi ke kunna wutar. A wasu sassan kudancin Indiya rami ake haƙawa a hura wuta a ciki matar ta faɗa, a cikin ƙabilun da ke binne gawa kuwa akan binne ta da rai tare da mijin.

Shaidun gani da ido sun sha bamban. Wasu sun ba da labarin matan da suka hau wutar ba tare da nuna tsoro ba. Wasu kuma sun ga an ɗaure mace a jikin gawa, ko an danne ta da gorori, ko an shayar da ita abin da zai gusar mata da hankali, ana ta buga ganguna don kada a ji kukanta. Bayan mutuwar akan kafa dutsen tunawa mai ɗauke da hoton hannu ko na mata da miji. Har yau akwai irin waɗannan duwatsu da yawa a jihohin Rajastan da Karnataka, kuma a ƙofar fadar Mehrangarh da ke Jodhpur ana ganin tambarin tafin hannun matan sarki da suka bi mijinsu.

Matsayinta a littattafan Hindu

Babu umarnin ƙona matar mamaci a cikin Veda, waɗanda su ne littattafai mafi daɗewa na addinin. A Rigveda akwai baitocin jana'iza da ke nuna matar tana kwantawa kusa da gawar mijinta, sannan a ce mata ta tashi ta koma cikin masu rai. Littafin dokoki na Manu shi ma bai ambaci ƙonawa ba, abin da ya ɗora wa matar shi ne ta ƙare rayuwarta cikin kamewa ba tare da sake aure ba. A cikin Mahabharata, Madri ta bi mijinta Pandu cikin wuta, amma kishiyarta Kunti ta rayu ta reni 'ya'ya. A cikin Ramayana kuwa babu ko ɗaya daga matan sarki Dasharatha da ta ƙona kanta.

Littattafan da suka zo daga baya, irin su na Vishnu da na Parashara, su ne suka kawo bin miji a matsayin zaɓi, suna yi wa matar alƙawarin lada mai yawa a lahira. Duk da haka an samu malaman Hindu da suka yi adawa da abin tun da wuri. Marubuci Banabhatta ya soki al'adar a ƙarni na 7, haka kuma Medhatithi, wanda ya yi sharhin littafin Manu wajen ƙarni na 9 zuwa na 10, ya ɗauke ta a matsayin kisan kai da addini ya hana. Wannan saɓani ya yi amfani daga baya, domin masu neman a soke al'adar sun kafa hujja da littattafan addinin kansu.

Tarihin farko

Labarai mafi daɗewa sun fito ne daga Girkawa. Aristobulus, wanda ya raka Iskandari mai girma zuwa Indiya wajen shekara ta 326 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ji labarin al'adar a birnin Taksila. Masanin tarihi Diodorus ya ba da labarin wani kwamandan Indiya mai suna Keteus da ya mutu a yaƙi a ƙasar Farisa kimanin shekara goma bayan haka. Matansa biyu suka yi jayayya kan wadda za ta bi shi, aka hana uwargidan saboda tana da ciki, amaryar ta shiga wutar.

A cikin Indiya kanta, rubutun dutse na Eran na shekara ta 510 miladiyya ya ambaci matar wani jarumi mai suna Goparaja da ta bi shi bayan ya faɗi a fagen fama. A Nefal, rubutun Changu Narayan na shekara ta 464 ya nuna yadda sarki Manadeva ya hana mahaifiyarsa Rajyavati bin mahaifinsa. Daga wajen ƙarni na 8 zuwa gaba al'adar ta ƙara bazuwa, musamman a gidajen Rajput na arewa maso yamma, inda aka ɗauke ta alamar martabar gida, sannan a daular Vijayanagara ta kudu.

Akwai wata al'ada makusanciya da ake kira "jauhar", inda matan gari suke ƙona kansu gaba ɗaya idan sun tabbatar mazajensu za su sha kashi a yaƙi, don kada abokan gaba su kama su. An fi danganta ta da birnin Chittor a shekarun 1303 da 1535 da 1568. Bambancinta da sati shi ne ana yin ta a lokacin yaƙi, kuma sau da yawa mazan ba su riga sun mutu ba.

Zamanin sarakunan Musulmi da zuwan Turawa

Malam Albiruni, wanda ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen shekara ta 1030, ya bayyana cewa matar mamaci ba ta da damar sake aure, don haka zaɓinta biyu ne, ko zaman ƙunci har mutuwa ko wuta. Matafiyi Ibn Battuta ya ga ƙona wasu mata uku da idonsa a ƙarni na 14, ya kuma faɗa cewa saura kaɗan ya faɗo daga kan dokinsa don firgita. Ya ƙara da cewa a ƙasar da Sarkin Delhi ke mulki sai an nemi izininsa kafin a yi.

Sarakunan Mughal sun yi ƙoƙarin taƙaita al'adar ba tare da sun tayar da fitina tsakaninsu da talakawansu Hindu ba. Akbar ya hana tilasta wa mace, Aurangzeb kuma ya ba da umarnin hanawa a shekarar 1663, sai dai umarnin bai yi tasiri sosai a nesa da manyan birane ba. Likitan nan Bafaranshe François Bernier, wanda ya zauna a Indiya a zamanin Aurangzeb, ya rubuta cewa ya ga an ƙona wata yarinya da ba ta wuce shekara 12 ba a Lahore, tana kuka tana rawar jiki. Turawan Fotugal sun hana al'adar a Goa bayan Afonso de Albuquerque ya ci garin a 1510. Guru Amar Das, shugaba na uku na addinin Sikh, shi ma ya yi tir da ita, amma duk da haka da sarkin Sikh Ranjit Singh ya mutu a 1839, matansa huɗu da kuyangi bakwai sun shiga wuta tare da shi.

Bengal da dalilan yawaitar al'adar

A farkon mulkinsa, Kamfanin Gabashin Indiya na Birtaniya ya guji taɓa al'amuran addini. A shekarar 1813 ya fitar da ƙa'ida cewa za a bar sati idan matar ta yarda da kanta, ta kai shekara 16, ba ta da ciki, kuma ba a shayar da ita komai ba, tare da halartar ɗan sanda. Masu suka sun ce halartar jami'in gwamnati ta zama tamkar amincewa ce da aikin. Ƙididdigar hukuma a lardin Bengal ta nuna mata 378 a shekarar 1815, adadin ya haura zuwa 839 a 1818, kuma tsakanin 1815 da 1828 an rubuta sama da 8,000. Mafi yawansu a kewayen Kalkata ne.

Masana tarihi sun kawo dalilai da dama. Na farko shi ne gado. A Bengal ana bin tsarin Dayabhaga, wanda ya ba matar da mijinta ya mutu bai bar ɗa namiji ba damar riƙe rabonsa na dukiyar gida, don haka mutuwarta riba ce ga dangin mijin. Na biyu shi ne auren wuri da auren mata barkatai da wasu Brahman na rukunin Kulin suke yi, wanda ke barin 'yan mata da yawa ba miji idan tsoho ɗaya ya mutu. Na uku shi ne halin da matar mamaci ke shiga idan ta rayu. A manyan gidaje akan aske mata kai, ta sa farin tufa kawai, ta ci abinci sau ɗaya a yini, a hana ta halartar biki saboda ana ganin ta da rashin sa'a, kuma ba ta da damar sake aure. Na huɗu shi ne suna da ɗaukakar da gidan ke samu, tare da kyaututtukan da masu jagorantar bikin ke karɓa. Saboda waɗannan dalilai ne masana da yawa ke ganin ko matar da ta ce ta yarda, da wuya a kira abin da ta yi zaɓi na gaskiya.

Yaƙi da al'adar da dokar 1829

Ɗan mishan William Carey ya ga sati a 1799, daga nan shi da abokan aikinsa na Serampore suka riƙa tattara bayanai suna aika wa hukuma. A Landan, William Wilberforce ya kai maganar gaban majalisa a 1813. Amma muryar da ta fi tasiri ta fito ne daga cikin Hindu, wato Ram Mohan Roy (1772 zuwa 1833), Brahman ɗan Bengal wanda ya san Sanskrit da Farisanci da Larabci da Turanci. Ya wallafa ƙasidu a 1818 da 1819 yana nuna cewa manyan littattafan addini ba su wajabta sati ba, ya yi amfani da jaridarsa Sambad Kaumudi wajen faɗakarwa, ya kuma danganta matsalar da tauye wa mata haƙƙin gado.

A ranar 4 ga Disamba 1829, Gwamna Janar William Bentinck ya sa hannu a Doka ta 17, wadda ta haramta ƙona matar mamaci ko binne ta da rai a Bengal, ta kuma mayar da taimaka wa aikin laifin kisa. An faɗaɗa hanin zuwa Madras da Bombay a 1830. Masu ra'ayin riƙau ƙarƙashin ƙungiyar Dharma Sabha, wadda Radhakanta Deb ke cikin jagororinta, sun ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Sarki a Landan suna cewa an shiga musu addini. An kori ƙarar a 1832, Ram Mohan Roy yana Ingila a lokacin.

Dokar ba ta shafi masarautun da ke mulkin kansu ba, don haka sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Jaipur ta hana a 1846, Mewar tana cikin na ƙarshe, inda aka yi sati a fada a 1861 bayan mutuwar Maharana Sarup Singh. A Bali, Turawan Holan sun matsa wa sarakuna lamba har aka daina a farkon ƙarni na 20. Nefal ta haramta al'adar a 1920 a zamanin Firayim Minista Chandra Shumsher.

Hana wuta kaɗai bai gyara rayuwar matan ba. Ishwar Chandra Vidyasagar ya yi fafutuka har aka kafa dokar da ta halatta wa matar mamaci sake aure a 1856. Pandita Ramabai ta buɗe makarantar Sharada Sadan a Bombay a 1889 domin ilmantar da irin waɗannan mata. Dokar gado ta Hindu ta 1956 ta ba matar mamaci cikakkiyar mallakar rabonta.

Lamarin Deorala da dokar 1987

A ranar 4 ga Satumba 1987, wata matashiya 'yar shekara 18 mai suna Roop Kanwar ta ƙone tare da gawar mijinta a ƙauyen Deorala da ke gundumar Sikar ta jihar Rajastan, ba ta cika shekara ɗaya da aure ba. Mutanen ƙauyen sun ce da son ranta ta yi, amma 'yan jarida da ƙungiyoyin mata da suka bincika sun kawo bayanan da ke nuna tilasci. Dubban mutane suka yi tururuwa zuwa wurin don neman tubarruki, aka tara kuɗi da niyyar gina wurin bauta, wasu 'yan siyasa kuma suka fito suna kare abin da sunan al'adar Rajput.

Zanga-zangar mata ta sa gwamnatin Rajastan ta fitar da dokar gaggawa, sannan majalisar ƙasa ta zartar da Dokar Hana Sati ta 1987, wadda ta fara aiki a 1988. Dokar ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin rai da rai ga wanda ya taimaka ko ya zuga mace, da ɗaurin shekara 1 zuwa 7 ga wanda ya ɗaukaka sati ta hanyar biki ko gina wurin tunawa ko tara kuɗi. Ta kuma tanadi hukunci ga matar da ta yi yunƙuri ta tsira, abin da masu kare haƙƙin mata suka soka. A shari'ar Deorala ba a samu kowa da laifi ba. An sallami waɗanda ake zargi da hannu a mutuwar a 1996, aka sallami wasu da ake zargi da ɗaukaka ta a 2004, sauran kuma a 2024, saboda rashin gamsasshiyar shaida. Bayan 1987 an samu rahotanni ƙalilan, kamar na gundumar Panna a 2002 da na jihar Chhattisgarh a 2008.

Mahangar masana

Turawan mulkin mallaka sun riƙa kafa hujja da sati don nuna cewa mulkinsu ya kawo wa Indiya wayewa, kuma adabin Turai ya yaɗa hoton Bature mai ceton matar Indiya daga wuta, kamar yadda Jules Verne ya yi a labarinsa na zagaya duniya cikin kwana 80. Masaniyar tarihi Lata Mani ta nuna a littafinta na 1998 cewa muhawarar ƙarni na 19 ta fi karkata ga abin da nassi ya ce, ba ga wahalar matan ba, kuma ba a cika jin ta bakinsu ba. Gayatri Spivak ita ma ta tattauna wannan shiru da aka yi da muryar matar tsakanin masu mulki da masu kare al'ada. A fina-finan Indiya, waɗanda ke da masu kallo da yawa a ƙasar Hausa, matar mamaci mai farin sari sananniya ce. Fim ɗin Prem Rog na 1982 ya taɓo batun sake aurenta, Padmaavat na 2018 kuwa ya jawo suka saboda yadda ya ƙawata jauhar.

Kwatanci da wasu al'ummomi

Raka mamaci da rayukan mutane ba a Indiya kaɗai aka san shi ba. Ibn Fadlan ya ga an kashe wata kuyanga aka ƙona ta tare da ubangidanta a bakin kogin Volga a shekara ta 922. A Afirka ta Yamma, Albakri ya rubuta a ƙarni na 11 cewa ana binne sarkin tsohuwar daular Gana tare da masu yi masa hidima. Ibn Battuta ya ce wani mazaunin ƙasar Kubar, wadda masana da yawa ke ɗauka Gobir ce, ya ba shi labarin binne sarki tare da barorinsa da 'ya'yan manyan gari kafin Musulunci ya kafu a wurin. Waɗannan duk sun shafi jana'izar manya ne, ba wajibi ne da aka ɗora wa matar aure saboda aurenta ba.

A ƙasar Hausa, daga masarautar Gumel zuwa Katsina da Maraɗi, abin da aka sani shi ne takaba. Matar da mijinta ya rasu takan zauna wata huɗu da kwana goma, ko har ta haihu idan tana da ciki, ba ado ba aure, kamar yadda shari'ar Musulunci ta tsara. Tana gadon tumuni idan mijin ya bar 'ya'ya, ko rubu'i idan bai bari ba, kuma da ta fita takaba tana da damar sake aure, wanda shi ne abin da jama'a suka fi so ga bazawara. Matsalolin da ake kuka da su a nan sun fi shafar danne gado da barin mace da marayu ba mai taimako. A Najeriya, dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015 ta haramta gallaza wa matar mamaci da sunan al'ada, kuma jihar Jigawa ta kafa irin wannan doka a 2021.

Halin da ake ciki a yau

Sati ta kusa ɓacewa gaba ɗaya, kuma mafi yawan Hindu ba su yarda da ita ba. Sai dai har yanzu akwai wuraren bauta da ke da alaƙa da ita, mafi shahara shi ne na Rani Sati a garin Jhunjhunu na Rajastan. Dubban matan da mazajensu suka mutu suna zaune a biranen ibada irin su Vrindavan da Varanasi, da yawansu dangi ne suka yi watsi da su, suna dogaro da sadaka da gidajen agaji. A shekarar 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 23 ga Yuni ta kowace shekara domin tunawa da matan da mazajensu suka mutu, da nufin jawo hankali ga haƙƙinsu na gado da matsuguni da abin dogaro.